Kantar Albasa a Falon Mama

Wata uku Kafinta ya yi yana haɗa durowar nan, kuma duk wanda ya gan ta ya san ba aikin wasa aka yi ba. Katakon maɗaci ne daga sama har ƙasa, ƙofofi biyu na gilashi mai duhu, hannaye na tagulla, bayanta kuwa a rufe ruf. Shi a duniya ba abin da ya tsana irin ya shiga falo ya tarar da wayoyi sun zubo bayan talabijin kamar hanjin kaza. Don haka rami ɗaya tak ya huda, daidai shigar kan fulogi, ya tattara wayoyin duka ya zura ta nan. Ranar da aka kai ta gidan mahaifiyarsa, ƙarti huɗu suka shigar da ita suna nishi.

Mama ta shafa ƙofar da bayan hannu ta ce, "Babba, wannan ai ta fi ƙarfin ɗakina."

Babba take kiransa, don shi ne babba a cikin 'ya'yanta. Kwana uku ya yi yana juya maganar nan a ransa yana murmushi shi kaɗai a shago.

Tun rasuwar mahaifinsu, duk abin da ya lalace a gidan nan magana ɗaya ake yi: a kira Babba. Ƙofa ta ƙi rufuwa, a kira Babba. Ƙafar gado ta goce, famfo na ɗiga, ɓera ya huda silin, a kira Babba. Yana zuwa yana mita, wai shi ba a barinsa ya huta, amma ranar da aka kwana biyu ba a kira shi ba sai ya zo da kansa yana ƙwanƙwasa kujeru ko zai samu wadda ke rawa.

Ita kuwa Mama, tun da gwiwoyinta suka ƙi, talabijin ta zama ƙafarta. Da safe take kunnawa ta bar ta tana surutu don ɗakin ya yi motsi. Ƙarfe huɗu na yamma kuma akwai wani dogon wasa da ake nunawa, wanda maƙwabtanta mata uku ke zuwa kallo, kowace da kujerar da ta saba zama. Su zagi mugun cikin wasan, su ba matar da ake cuta shawara, su tashi sai gobe. Kunnen Mama ya yi nauyi, shi ya sa Auta, ƙanwar Kafinta, ta haɗo mata da amfilifaya mai ƙara sauti da sifika biyu. Dikodar da ke kawo tashoshi da amfilifayar nan su aka jera a cikin durowa, aka rufe gilashi, talabijin ta hau sama ta zauna daram.

Ba a yi sati ba abu ya fara. Ana tsakiyar kallo, daidai inda za a tona asirin wani, sai hoton ya daskare, dikoda ta ɗauke ɗif. A jira minti ashirin ta dawo, ta sake ɗaukewa. Aka kira Babba. Ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi. Da aka ce fanka na juyawa lafiya lau, ya ce to farantin kamo tashoshi ne ya goce, ya hau rufi da tsakar rana ya murɗa shi hagu ya murɗa dama, ya sauko da rigarsa sharkaf. Washegari ƙarfe huɗu da rabi ta sake ɗaukewa.

Ranar hutu suka haɗu a falon da mijin Auta. Akawu ne a wani ofis, mutum mai sanyin murya da taushin hannu, wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba. Shi ne ya taɓa rataye agogon bango a gidansa, kafin ya sauko daga kan kujera agogon ya riga shi isa ƙasa. Kafinta ya ba da labarin nan ya fi sau hamsin, kuma kullum sai ya ƙara masa gishiri.

Akawu ya buɗe gilashin, ya ɗora hannu a kan dikoda, ya janye da sauri.

"Yaya, ina ganin kamar zafi ne fa. Ji yadda cikin ya ɗauka. Da za a ɗan buɗe bayan..."

"A buɗe me?" in ji Kafinta. "Durowa ce, ba murhu ba. Kai dai ka tsaya a takardunka."

Auta ta harari yayanta, Mama ta ce a bar zancen. Akawu ya yi murmushi ya rufe gilashin a hankali.

Kwana biyar bayan nan Kafinta ya biyo da yamma, tun daga ƙofar gida ya jiyo shewar mata da ƙarar sifika. Yana ɗaga labule ya tsaya cak. Durowarsa an tura ta jikin bango kusa da ƙofa, talabijin tana kan tsohon teburin da ya ce a jefar. A lungu kuma, inda hasken taga ba ya kaiwa, ga wata kanta ta ragar ƙarfe mai hawa huɗu, irin wadda mata ke jera albasa da tumatir a kicin. Dikoda na hawa na biyu, amfilifaya na hawa na uku, iska na ratsa su ta sama da ƙasa. Wayoyin an ɗaure su ɗaya bayan ɗaya a jikin ƙafar kantar, kowace an liƙa mata 'yar takarda an rubuta sunan abin da take kaiwa. Aikin akawu sak.

"Shigo mana, Babba," Mama ta ce, fuskarta fal fara'a. "Ka ga abin da ɗana ya kawo min? Yau kwana uku ko ƙiftawa ba ta yi ba."

Ɗana. Shekara shida da auren Auta, mijin Auta take ce masa. Kafinta ya ji kalmar ta soke shi a ƙahon zuci.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan, wadda bakinta ba ya shiru, ta ce, "Wai a bakin kasuwa ya saya, kuɗinta ko na hannun ƙofar waccan bai kai ba. Ilimi dai daɗi ne da shi."

"Ai yaron akwai kai," in ji ta biyun. "Ni ma na ce ya zo ya duba min tawa."

Kafinta ya zauna a hannun kujera ya yi dariyar yaƙe. Ya ce kantar ba laifi, sai dai ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta. Ba wanda ya ji shi, don an koma kallo. Ya dubi durowarsa, ya ga an riga an ɗora mata kwalbar man zafi da kwandon magunguna. Ya zauna har wasan ya ƙare yana addu'a a ransa dikodar ta ɗauke ko sau ɗaya ne. Ba ta ɗauke ba.

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa, wadda ta san shi kamar tafin hannunta, ta ce, "Wai duk a kan kantar albasa kake wannan kumburin? Ka je ka yanke bayan durowar mana, a mayar da kaya, magana ta ƙare."

"Ki ce in je in rusa aikin wata uku saboda mai biro ya ce?"

"To zauna ka yi ta kishi da ƙarfe."

Ya ce shi ba kishi yake ba. Kishi yake, kuma irin mai hana barci. Da a ce wani kafintan ne ya fi shi, da ya haɗiye, don hannu ya san hannu. Amma mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa ba, ya shiga kasuwa da 'yan canjinsa, ya fito da abin ajiye albasa, ya ture shi daga falon uwarsa? Abin da ya fi ci masa rai shi ne sati guda cur wayarsa ba ta yi ƙara daga gidan ba. Da ya bincika wajen Auta, sai ta ce ai ƙwan fitilar banɗaki ne ya mutu, kuma mijinta ya canza.

Ya bi ta shagon wani mai gyaran rediyo da ke layinsu, ya yi tambaya kamar ba shi abin ya shafa ba. Wai wani kwastoma ne ke da dikoda mai ɗaukewa. Mai gyara bai ko ɗago daga abin da yake liƙawa ba.

"A cikin me ya sa ta?"

"Durowa. Mai kyau kuwa."

"Rufaffiya ko? Ku kafintoci ku kuke kawo mana kasuwa. Ka ga 'yan ramukan nan na sama da gefe? Hancinta ke nan. Ka toshe, ta yi zafi, ta kashe kanta don ta huce. A bar mata tazarar tafin hannu ta kowane gefe, shi ke nan."

"In ta huce kuma sai ta dawo?"

"Yawanci."

Kafinta ya riƙe dawowar, ya bar yawancin a shagon mai gyara.

Ya koma nasa shagon ya ɗauki zarto, har ya sa shi a jaka. A gaskiya ya yi niyyar zuwa ya yanke bayan durowar. Amma ya hango kansa durƙushe a falon yana yanka, Akawu na tsaye a kansa yana cewa sannu Yaya, matan nan uku suna kallo. Ya fitar da zarton ya mayar da shi ƙusarsa. Idonsa ya faɗa kan ragowar baƙar ledar kujera da soson da suka rage daga wani aiki.

Abin da ya gaya wa kansa mai sauƙi ne. Ba ɓarna zai yi ba. Dikodar za ta ɗauke kwana biyu kamar da, Mama ta ga ashe kantar albasa ma ba ta tsinana komai ba, a kira Babba. Shi kuma ya zo ya zare abin da ya sa ba tare da an gani ba, ya ɗauki durowar ya kai shago wai zai sake mata fenti, ya huda bayanta a can inda ba idon kowa. Kowa ya huta.

Girman kayan yana kansa, tun da shi ya auna su lokacin haɗa durowa. Riguna zai ɗinka wa dikoda da amfilifaya, su toshe musu hanci. Ya yanka leda, ya shimfiɗa soso a ciki, ya hau keken ɗinkin kujeru. A nan ne halinsa ya ci shi. Wani da tsumma zai samu ya cusa, amma hannun Kafinta bai san aikin sakaka ba. Ya yi ɗinki layi biyu, ya ninke baki ciki, ya fitar da kusurwoyi tsaf, ya bar 'yar taga ta farar leda a gaba don rimot ya samu hanya. Da ya gama ya ɗaga riguna biyun yana dubawa, har ya ji daɗin yadda suka fito.

Ranar Talata Auta ke kai Mama asibiti duba gwiwa. Yana da makullin gidan, don shi ne ya saka wa ƙofar makulli da hannunsa, kuma tun ranar Mama ta ba shi ɗaya ta ce ya riƙe. Ya shiga da hantsi, falon shiru sai ƙarar agogo. Ya zura wa dikoda rigarta, ya zura wa amfilifaya tata. Suka zauna cif kamar da su aka ƙera su, baƙi a kan baƙi, a lungu mai duhu. Mai lafiyar ido ma sai ya matso zai gane, balle Mama. Ya fita ya kulle ƙofa.

Ranar bai iya aiki ba. Ya auna katako ɗaya sau uku, ya yanka shi ba daidai ba. Wajen ƙarfe huɗu saura wayarsa ta yi ƙara, ya ga Auta ce.

"Yaya, ka zo yanzu. Kayan kallon Mama sun ƙone."

Abin kunya ne a faɗa, amma abin da ya fara ji daɗi ne: an kira Babba. Sai da ya hau babur kalmar ƙonewa ta isa kansa, ya ƙara wuta.

Tun daga tsakar gida warin ƙonanniyar roba ya tare shi. An buɗe tagogi, matan nan uku suna tsaye a bakin ƙofa suna salati. Akawu ya baro ofis da rigar aikinsa, yana durƙushe gaban kantar, gumi na bin wuyansa. Saman amfilifayar ya narke ya lotsa, dikodar kuwa ko fitilarta ba ta kawowa. Kafinta ya dubi kayan, ya sake dubawa. Babu rigunan.

"Mama, ki yafe min," Akawu ke cewa. "Ni na taɓa wayoyin nan, kuma ba sana'ata ba ce. Wataƙila na haɗa wani abu ba daidai ba. Da na bar wa Yaya. Da gidan ya kama fa, kina ciki ke kaɗai?"

Ga shi nan, abin da Kafinta ya yi sati yana mafarki, har da ƙari. Mai biro a durƙushe yana cewa da na bar wa Yaya, a gaban matan da suka yabe shi. Ya jira daɗin ya zo, bai zo ba.

Mama na zaune a kujerarta, yatsunta biyu naɗe da tsumma. Ba ta dubi ɗanta ba tun da ya shigo.

"Tashi, ɗana, ba kai ba ne," ta ce. "Ni ce. Da muka dawo na ga ƙura ta hau su, na yafa musu bargo, na kunna, barci ya ɗauke ni. Wari ne ya tashe ni."

"Bargo?" Auta ta daka tsalle. "Mama, bargo? Sau nawa ya ce miki kada a rufe su? A gabana ya faɗa, har sau biyu!"

"Na manta."

"Kin manta! Jiya kin manta magani, yau kin manta wannan, gobe kuma gas za ki bari a kunne. Wallahi zaman nan naki ke kaɗai ya isa. Na sha faɗa ana cewa na cika baki. Ki dubi hannunki fa!"

Mai surutun nan ta girgiza kai ta ce, "Tsufa ke nan, 'yar nan, sai haƙuri. Haka tawa uwar ta fara."

Mama, wadda ta san ranar haihuwar kowane jika da sunan kowane mutum a wasan ƙarfe huɗu, ta sunkuyar da kai ta bar su suna ƙirga mata mantuwa. Kafinta ya buɗe baki. Kalma uku ce kawai: ni na yi. Ya dubi Auta da idonta ya yi ja, ya dubi matan, ya rufe bakinsa.

Maƙwabta suka watse, yau ba kallo. Akawu ya rungumi kayan ya ce bari su gwada wajen mai gyara ko da abin da za a ceto, Auta ta bi shi tana ci gaba da faɗa har waje. Falon ya rage daga uwa sai ɗa.

Mama ta sa hannu ƙarƙashin matashin kujerarta ta jawo rigunan nan biyu. Ɗaya ta ƙone ta tsakiya, soson ya yi baƙi ya manne. Ta ɗora su a cinya, ta bi bakin ɗinkin da yatsan da bai ƙone ba.

"Layi biyu, an ninke baki ciki," ta ce. "Duk kujerun ɗakin nan haka suke. Ko mugunta ba ka iya yin ta da gaggawa ba, Babba."

Ya zube a gabanta. Mutum mai furfura a gemu, ya ji hawaye na bin fuskarsa.

"Mama, wallahi ban yi zaton za su ƙone ba. So nake kawai su ɗauke, ki..."

"In kira ka."

Ya share fuska da bayan hannu, ta ci gaba.

"Da ka zo ka zauna ai da ka ga ana kiranka ko ba abin da ya lalace. Amma kai ba ka zuwa sai da guduma."

"Zan faɗa musu. Yanzu zan bi su in faɗa."

"Ba za ka faɗa ba. Ka san Auta, in ta ji wannan, ta daina gaishe ka ke nan har a binne ni, yaron nan kuma ba zai ƙara sakin jiki a gidan nan ba. Ni an saba ce min tsohuwa, ƙari kaɗan ne." Ta miƙa masa rigunan. "Sa a jakarka, kada ka jefar a kwandon gidan nan."

Ya karɓa ya cusa su a jaka. Ya ce zai sayo sababbin kaya gobe, zai yanke bayan durowar, zai huda ta ko'ina, in ta ga dama ma ya haɗa mata kanta buɗaɗɗiya ta katako wadda ta fi waccan. Ta bar shi ya gama lissafa abin da zai yi.

"Durowa tana da kyau, bar ta yadda take," ta ce. "Makullina za ka ajiye min a kan tebur."

Ya ɗago ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta, ba kuma fushi, gajiya ce kawai. Ya ciro tarin makullansa. Faratansa gajeru ne masu kauri, zoben ya ƙi buɗuwa, ya daɗe yana fama da shi kafin makullin ya fito. Ya ajiye shi kusa da rimot, ya miƙe, ya kai bakin ƙofa. A nan ya tsaya, hannunsa a kan labule, kuma duk da abin da ya faru sai da tambayar ta fito.

"Wa za ki ba?"

Mama ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Har yanzu, Babba?" ta ce. "Ja min ƙofar in ka fita."

Ya ja ƙofar. Yana tsaye a tsakar gida ya ji ta taso da ƙyar, tana jan ƙafa, ta murza makulli daga ciki.